Filogi ya shiga soket amma birki ba ya kamawa: yadda na sake wa ƙaramar tirela waya

Duk wanda ya sayi ƙaramar tirela ta hannu, irin mai taya biyu da ake ja da mota, wataƙila zai gamu da abin da na gamu da shi, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta shi tiryan-tiryan. Tirelar da na saya ta zo da filogi mai zagaye mai ƙafa 7, motata kuwa tana da soket mai zagaye mai rami 7 a gefen ƙwallon ƙarfen da ake maƙala tirela. Aka soka, ya shige daram. Mai sayarwa ya ce in ba da siginar hagu, ta kama. Na ba da ta dama, ta kama. Na kunna fitilun fakin, jajayen baya suka haska. Muka yi ciniki, ya ba ni rasit, babu wata takarda da ta nuna yadda aka haɗa wayoyin ko daga ina tirelar ta fito.

Wani abokina da ya biyo ni a baya da tasa motar shi ne ya fara gaya mini cewa in na taka birki babu abin da ke haskawa a jikin tirelar. Fitilun birkin motar kuma kayan da na ɗora sun kare su. Ke nan duk tafiyar da na yi, na bayana ba ya sanin zan tsaya sai ya ga tirela ta matso masa. Da muka tsaya muna dubawa sai wani abin ya ƙara fitowa: in tirelar tana maƙale a kan ƙwallon, sigina tana aiki lafiya, amma in aka ɗage ta aka bar filogi kaɗai a soke, siginar hagu sai ta sa duk fitilun baya su riƙa ƙyaftawa dishi-dishi, har da jajayen fitilun motar kanta. Bayan ɗan lokaci kuma, a kan wata hanya mai gargada, fitilar fakin ta dama a jikin motar ta mutu ɗungurungum. Matsala uku ke nan, kuma a lokacin na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Mai gyaran wutar mota na farko da na je wurinsa yana da aiki a gabansa, na zauna jira har rana ta karkata. Da ya zo kaina bai tambaye ni komai ba. Ya kwance gilashin fitilun tirelar, ya canza ƙwayayen biyu, ya buɗe akwatin fis na motar ya tarar ɗaya ya ƙone, ya sa sabo. Fitilar fakin ta dawo. Birki dai shiru. Sai ya buɗe filogin ya ga ƙafar birki babu waya a jikinta, ya ce ai ga matsalar nan. Ya yanko guntuwar waya ya haɗa ƙafar birkin da wayar siginar hagu da ta dama gaba ɗaya. Na taka birki, fitilu biyu suka kama, ya yi murmushi. Amma da na ba da siginar hagu sai hagu da dama suka riƙa ƙyaftawa tare, kuma in na taka birki har siginonin gaban motar haskawa suke, kiban nan biyu na dashbod ma suna kamawa. An gudu ba a tsira ba. Na ce masa, "Malam, cire wannan wayar ka mayar mini yadda yake." Ya cire, na biya kuɗin ƙwayaye da fis da na aikinsa, na tafi da matsalata yadda na zo da ita. Ban zarge shi da mugunta ba, sai dai ya yi abin da mutane da yawa ke yi: ya fara canza kaya kafin ya gano mece ce cutar.

Na biyu dattijo ne, ba shi da yawan magana. Abu na farko da ya yi shi ne zare filogin ya ajiye tirelar gefe. Ya ce mota daban, tirela daban, sai kowacce ta wanke kanta kafin a haɗa su. Ya tambaye ni littafin motar, na ɗauko daga aljihun gaba, muka sami shafin da ke nuna zanen soket ɗin da lambobinsa. Irin na Turai ne, wanda ƙa'idarsa ake kira ISO 1724, wasu kuma su ce 12N. Ga yadda yake, domin wannan shi ne abin da ya fi cancanta mutum ya kwafa ya ajiye: ƙafa ta 1 siginar hagu ce, wayarta rawaya, ta 2 fitilar hazo ta baya, shuɗiya, ta 3 nagetif, wato hanyar da wuta ke komawa, fara, ta 4 siginar dama, koriya, ta 5 fitilar fakin ta dama, ruwan ƙasa, ta 6 birki, ja, ta 7, wadda ke tsakiya, fitilar fakin ta hagu, baƙa. Lambobin suna nan a rubuce ƙanana a jikin robar, sai an goge datti an haska da tocila ake ganinsu.

Na yi tsammanin mitar auna wuta zai ɗauko, sai na ga ya ɗauko ƙwan fitila mai wat 21 da ya liƙa wa wayoyi biyu. Na tambaye shi dalili. Ya ce mita takan yi ƙarya a irin wannan aiki: waya tana iya cinyewa da tsatsa har ya rage siliƙi ɗaya, ko ƙafa ta yi kore da datti, mita ta nuna volt 12 cif saboda ita ba ta jan wuta. Ƙwai mai wat 21 kuwa yana jan kusan amp 1.75, in hanyar ba ta da kyau ba zai haska sosai ba. Ya sa waya ɗaya a rami na 3, ɗayar kuma yana bin ramukan ɗaya bayan ɗaya, ni ina cikin mota yana kira ina kunnawa. Hagu, ƙwai ya ƙyafta a rami na 1. Dama, na 4. Birki, na 6 ya haska tar. Fakin, na 5 da na 7. Ya ɗan kankare koren dattin da ke cikin ramukan da siririn buroshi, ya ce motarka ba ta da laifi. Wannan kaɗai ya sanyaya mini rai, don na fara tsoron ko wayarin motar ne ya lalace, wanda shi ne aiki mai cin kuɗi.

Sai tirela. Ya jawo batir daga ciki, ya ɗaura fis a kan wayar da zai riƙa taɓawa da ita, ya ce kada in taɓa gwada tirela da batir ba fis, domin in akwai wayar da ke taɓa ƙarfe hayaƙi kawai zan gani. Ya kwance filogin. A ciki wayoyi huɗu ne kacal: fara, ruwan ƙasa, rawaya da koriya. Ƙafa uku babu komai a jikinsu. Ya dubi fitilun baya, duka jajaye ne, babu ɓangare mai ruwan lemo, kowacce da ƙwai ɗaya mai zare biyu a ciki. Ya ce, "Wannan wayarin Amurka ne, wani ya yanke filoginsa na asali ya sa masa na Turai."

A nan ne kaina ya waye, kuma nan ne zuciyar maganar. A tsarin ƙananan tireloli na Amurka, filogin shafaffe ne mai ƙafa 4. Farar waya nagetif ce, ruwan ƙasa ta fitilun fakin duka biyu, rawaya tana ɗauke da siginar hagu da birkin hagu a tare, koriya kuma siginar dama da birkin dama. Zare ɗaya ne a cikin ƙwai yake yin aikin biyu: in ka taka birki ya haska ya tsaya, in ka ba da sigina ya riƙa ƙyaftawa, kuma a cikin motar ake yin wannan haɗin kafin wutar ta iso soket. A tsarin Turai kuwa birki da wayarsa da ƙwansa, sigina da tata wayar da nata ƙwan mai ruwan lemo. Abin da ke yaudarar mutane shi ne launuka huɗun nan sun yi daidai a tsarin biyu: rawaya hagu, kore dama, fari nagetif, ruwan ƙasa fakin. Wanda ya sa filogin ya bi launi da launi, ya gwada sigina ta yi, fakin ya yi, ya rufe. Wutar birki kuwa tana zuwa rami na 6 ta tarar babu wanda zai karɓe ta. Haɗin da na farkon ya yi da guntuwar waya shi ma ya fito fili: ya ɗinke hagu da dama da birki wuri ɗaya, dole wuta ta koma cikin motar ta hanyar da ba tata ba. A tsohuwar mota abin zai tsaya a ruɗanin fitilu da ƙonewar fis. A sababbin motoci da kwamfuta ke lura da kowane ƙwai, irin wannan gangancin yana iya taɓa na'urar da ke sarrafa fitilun.

Matsala ta biyu, ta ƙyaftawar dishi-dishi, bai ɓata lokaci a kanta ba. Ya bi farar wayar har inda aka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfen tirelar, wurin ya yi jawur da tsatsa, da ya ja ta sai ta gutsure a hannunsa. Ashe duk lokacin nan wutar ta kan ƙwallon ƙarfen take komawa mota, shi ya sa in an ɗage tirelar abin ke rikicewa. Ya bayyana mini yadda abin ke faruwa: wutar sigina ta shiga ƙwai ta babban zare, ta nemi hanyar komawa ta rasa, sai ta bi ta ƙaramin zaren fakin ta fito a wayar ruwan ƙasa, ta ratsa sauran ƙwayayen har ta isa fitilar motar ta sami nagetif a can. Kowane ƙwai ya samu kaɗan, shi ya sa duk suke haske mara ƙarfi. Ya ce a aikin tirela, in ka ga fitilu suna abin da hankali ba zai ɗauka ba, wata na kamawa a madadin wata, fara da nagetif kafin ka taɓa komai. Ƙwallon ja ba abin dogaro ba ne, akwai giris da tsatsa a kansa, kuma yana motsi a kan hanya.

Ta uku kuwa sai da muka zaro tsohon wayarin gaba ɗaya muka gan ta. Inda wayoyin suka ratsa wata huda a ƙarfen gaba babu robar kariya, bakin ƙarfen ya goge bayan wayar ruwan ƙasa har jan ƙarfenta ya fito, wurin ya yi baƙi. A lafiyayyar hanya ba ta taɓawa, a gargada ta taɓa, fis ya tafi. Kuma da yake a ƙafa ta 5 aka ɗaura ta, fis ɗin fakin na dama ne ke ƙonewa, shi ya sa fitilar dama kaɗai ta mutu a motar.

Dattijon ya ba ni zaɓi biyu. Ko a sayi ɗan akwatin da ke karɓar wayar birki da na sigina biyu ya haɗa su ya fitar da waya biyu irin na Amurka, a bar fitilun yadda suke, ko a cire komai a sa sababbin fitilu masu sigina daban da kebul mai waya 7. Akwatin ya fi sauƙin kuɗi da saurin aiki, kuma yana yin abin da aka yi shi dominsa. Amma wayarin ya riga ya tsufa, robarsa tana farfashewa in an lanƙwasa, ni kuma na fi son na bayana ya ga sigina mai ruwan lemo a tirela kamar yadda yake gani a motar. Na zaɓi na biyu. Kuɗin kayan ya fi na aikin, kuma sai da na yi jiran kebul ɗin, don wanda aka fara kawowa siriri ne ƙwarai, ya ƙi karɓa. Dalilinsa shi ne farar waya ita kaɗai ke ɗaukar wutar duk fitilun a hanyar komawa. In birki biyu suna kunne, wat 42 ke nan, ga sigina 21, ga fakin biyu da fitilar lamba masu wat 5 kowanne, jimla wat 78, wato amp 6.5 a waya ɗaya. A kebul mai kyau za ka ga farar ta fi sauran kauri.

Mun ɗan yi gardama a kan fitilun LED. Ni na so su, don ba sa ƙonewa da wuri kuma ruwa bai cika shiga cikinsu ba. Shi ya ce wasu motocin da yawan wutar da aka ja suke gane an maƙala tirela ko ƙwai ya mutu, LED kuwa ba ta jan wuta sosai, sai ka ga mota ta ƙi gane tirelar, ko ta nuna alamar ƙwai ya ƙone, ko fitilun su riƙa walƙiya su kaɗai. Ana gyara wannan da ƙarin wata na'ura, amma ƙarin kaya ƙarin wurin lalacewa ne. Ya ɗauko LED ɗaya ya gwada a soket ɗin motata, ta yi aiki, sai dai alamar tirela da ke dashbod ba ta kama ba. Na haƙura muka sa masu ƙwai.

Ranar haɗawa ban bar wurin ba. Kafin ya fere ko waya ɗaya sai da ya zura murfin bayan filogin da robarsa a jikin kebul, ya ce wanda ya manta wannan sai ya gama ɗaure waya bakwai ya kwance su. Ya fere bawon kebul ɗin daidai yadda maƙallin cikin filogi zai kama baƙin bawon na waje, ba wayoyin ciki ba, ta yadda in an fizgi kebul ba ƙusoshin za su ji ba. Kowace waya ya fere ɗan kaɗan, ya murɗe silikanta, ya lanƙwasa biyu, ya tura, ya ɗaure, sannan ya ja ya ji ko ta kamu. Siliƙi ɗaya da ya leƙo waje ya isa ya taɓa maƙwabciyar ƙafa. Bai sa dalma a bakin wayoyin ba, ya ce dalma tana lotsawa a ƙarƙashin ƙusa a hankali har haɗin ya saki.

Inda na ga mutane za su fi ruɗewa shi ne zanen. Filogi da soket suna fuskantar juna ne kamar mutum biyu da ke gaisawa, damar wannan ita ce hagun wancan. Zanen da ke littafin motata soket yake nunawa daga waje, wanda ya yi daidai da bayan filogi, ɓangaren ƙusoshi, inda muke aiki, amma zanen da ke nuna fuskar filogi a juye yake. Wanda ya bi matsayin da ya gani a zane ba tare da sanin ta wace fuska aka zana shi ba, zai iya musanya hagu da dama. Dattijon bai ko kalli zanen ba a wannan matakin, lambobin da ke jikin robar ya bi. Ya kuma ƙi haɗa ƙafa ta 5 da ta 7 wuri ɗaya, ko da yake hakan zai rage aiki. Baƙar waya ta tafi fitilar hagu, ruwan ƙasa ta tafi dama tare da fitilar lamba. Amfanin raba su shi ne in ɓangare ɗaya ya ƙona fis da dare, ɗayan yana nan yana haske, ba za a tarar da tirela a duhu gaba ɗaya ba.

A baya, ya kai farar waya har cikin kowace fitila maimakon ya dogara da ƙarfen tirelar, sannan ya ƙara ɗaure reshe ɗaya a jikin ƙarfen bayan ya goge wurin da sanfefa har ya yi ƙyalli, ya shafa giris a kai. Ya sa roba a kowace huda. Kebul ɗin ya ɗaure shi a cikin ƙarfen yadda ba zai lilo ba. A gaba ya sa na maƙala tirelar na juya motar har ƙarshen kwana, hagu da dama, ya auna tsawon da zai bari: wanda ba zai ɗame a kwana ba, ba kuma zai ja ƙasa a miƙe ba. Shuɗiyar wayar hazo ya ɗaura ta a ƙafa ta 2, ya naɗe ɗaya bakin a baya ya ɓoye, don fitilun da na saya ba su da ta hazo, in na so ƙarawa waya tana nan.

Gwajin ƙarshe da tirelar a ɗage daga ƙwallon ya fara yi, filogi kaɗai a soke, don a tabbatar farar wayar ce ke aikin. Ya sa na kunna kowace fitila ita kaɗai, sannan ya sa na haɗa su: fakin a kunne, ƙafa a kan birki, siginar hagu tana yi. Nan ne raunin nagetif ke tona kansa, in akwai shi za ka ga fitilar birki tana raguwa tana ƙaruwa tare da siginar. Babu wadda ta motsa. Ya girgiza kebul ɗin da hannu daga gaba har baya, babu wadda ta ɗauke.

Kafin in tafi na tambaye shi me zai faru in na canza mota. Ya ce yawancin sababbin motocin Turai da soket mai rami 13 suke zuwa, wanda ake kira ISO 11446, ana soka shi a murɗa. Ƙafa 1 zuwa 7 aikinsu bai canza ba, ta 8 ta ribas ce, sauran na kai wuta ne ga irin tirelar da ke da batir ko firji, don haka ƙaramin mahaɗi daga 13 zuwa 7 ya wadatar, ba sai an taɓa wayarin ba. In kuwa motar Amurka ce mai soket na ƙafa 7 shafaffu, maganar ta sake, domin birki da sigina a haɗe suke fitowa, kuma ko a can launukan ba ɗaya ba ne: a wani tsarin ruwan ƙasa fakin ce, a wani kuma siginar dama, shuɗiya kuwa ta birkin lantarki na tirelar ce ba ta hazo ba. A irin wannan halin sai an sa akwatin da ke raba birki da sigina, kuma kafin a ɗaura kowace waya sai an bi ramukan motar da ƙwan gwaji an rubuta abin da kowanne ke bayarwa.